Tubalin Ganuwarmu a Filin Kokawarku

Zuwa ga fitilar ɗalibai, Malam Wakilin Gini na Babbar Makarantar Tudun Kanya, tare da dattawan majalisar da ke zama da shi kan sha'anin sabon filin wasanni. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara masa lafiya da faɗin fili.

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar iyali da ɗalibai da gajiyar aiki, ina neman afuwa da na bar wannan takarda a buɗe. Sau biyu na aiko da ita a naɗe, sau biyu aka dawo mini da albishir cewa Malam ya karɓa da hannun dama. Na gode wa hannun. Wannan karon na ba da ita a karanta a kasuwar Batsari da ta Safana, ko Allah zai sa wani mai kunne ya kai wa Malam labarin abin da ke ciki.

Malam ya san ni ba mai yawan magana ba ne. Shekara tara na yi ina ɗaukar karatu a zaurukanku, ban taɓa ɗaga murya ba. Ni mutumin Garin Sammani ne, yamma da Darini, a bakin daji. Daminar bana ta rushe mana ganuwa ta gefen arewa, giɓi taku saba'in. Muka yi gayya, muka buga tubali, muka jera shi yana bushewa. Ana nan sai ga takardar majalisarku da hatimi: kowane gida damin gero, kowane gari tubalin da ya mallaka da magininsa, domin a gina wa ɗalibai filin kokawa da langa da harbin baka. Mun bi umarni. Ga kaɗan daga abin da ya biyo baya.

Na farko. Takardarku ta ce manufar filin ita ce a ƙarfafa jikin ɗalibai, su zama garkuwar garuruwan bakin iyaka. Manufa ce mai kyau, kuma an rubuta ta da nahawu mai tsabta. Sai dai na ji an ce horon zai ɗauki shekara uku. Mahara kuwa, da zarar rafuka sun janye, dawakinsu sun sami hanya, kuma rafinmu yanzu bai kai gwiwa ba. Shin majalisa ta aika musu da tasu takardar su dakata? Idan ta aika, da wane hannu suka karɓa?

Na biyu. Na je na ga katangar da aka kewaye filin da ita da idona. Tsayinta ya ninka na ganuwarmu tun tana da rai. Na tsaya ina tunanin abin da ake tsarewa a ciki. An taɓa satar kokawa? Iyayenmu a masussuka suka yi tasu bayan kaka, ba katanga ba ƙofa, kuma ba wanda ya tashi da safe ya tarar an gudu da filin. Daga baya aka faɗa mini dalili: wani baƙo daga gabas ya ce makarantar garinsu tana da fili mai katanga, sai majalisa ta yanke cewa katangarku ta ɗara tasu da kamu ɗaya. Ba wanda ya je ya auna tasu. Saboda haka kullum ana ƙara kamu ɗaya, don gudun kuskure.

Na uku, kuma a nan ina roƙon Malam ya yi haƙuri da ni. Majalisarku ta ƙunshi malamai bakwai, kowannensu kogi ne a fanninsa, amma babu wanda aka taɓa kayarwa a cikinsu, sai dai a muhawara. Da suka ga ƙasar filin tana da laushi, tana ɓata wa mutum riga, sai suka ga bai dace da martabar makaranta ba. Aka tara matan garuruwa huɗu da madaɓansu, aka zuba tsakuwa, aka yayyafa makuba, aka yi kwana goma sha biyu ana daɓe da waƙa, har filin ya yi sulɓi yana ƙyalli kamar tsakar ɗaki. Magininmu, Mamman, ya yi ƙoƙarin magana. Ya ce, "Allah gafarta Malam, nan fa mutum za a ɗaga a maka da ƙasa." Aka amsa masa cewa an ɗauko shi gini ne, ba fatawa ba.

Ranar gwaji, Sahabi mutumin garin Zakka, ɗalibin fiƙihu mai mata da 'ya'ya biyu, shi ne ya fara faɗuwa. An ji ƙarar har bayan katanga. Yau kwanansa ashirin a gidan maɗori da karyayyar kafaɗa, dawarsa tana tsaye a gona ba mai yanka. Shi ne garkuwa ta farko da filin ya fitar.

Na huɗu. Na yaba da saurin da majalisa ta gano maganin wannan. Ba ta ce a fasa daɓen ba, domin an kashe gero a kansa. Sai ta ce a kawo jakunan garuruwa da mangalolinsu, a kwaso yashin rafi a rufe daɓen, har filin ya koma laushin da Allah ya halicce shi da shi tun farko. Jakunanmu suna can. Mamman yana can, an ce ba zai dawo ba sai an gama rumfar manyan baƙi. Amfanin gonarmu a ka muke kawo shi gida, ta cikin giɓin, domin ya fi ƙofa kusa.

Na biyar. Akwai wata dattijuwa, Gwaggo Hansai, gidanta ne na farko idan an shigo ta giɓin. Harin shekara uku da suka wuce ya tafi da ɗanta, har yau ba labari. Jikokinta uku suna hannunta. Mun toshe wajen da ƙaya, amma awaki ma tsallakewa suke yi. Shekaranjiya ta tare ni a bakin rijiya, ta ce, "Malam Muntaka, kai da ka yi karatu can, tambayo mani su. In an zo ɗibar yaran nan, kokawa za ni kama da masu doki, ko langa?" Na duba abin da na karanta a wajenku kaf, ban sami amsa ba. Na miƙo tambayar ga masu ita.

Ban zo da ƙorafi kaɗai ba, Allah ya gafarta Malam. Dattawan garinmu sun zauna, sun ga cewa a duk wannan yanki babu katangar da za ta tsayar da doki sai taku, kuma da ƙasarmu aka yi ta. Saboda haka ranar Lahadi mai zuwa, in Allah ya yarda, gida sittin za su iso Tudun Kanya da mata da yara da awaki da turame da abin da ya rage na hatsi, mu kafa bukkoki a cikin filin har damina ta sauka. Ba izini nake nema ba, don kada in ɗora wa hannun Malam nauyin wata takarda. Sanarwa ce.

Mamman ya aiko mana cewa majalisa ba ta tanadi ƙyaure ba, domin 'yan kallo su shiga a yalwace. Kada wannan ya dami Malam. Mun ciro na ƙofar garinmu, za mu taho da shi. Can ba abin da yake rufewa.

Naka mai biyayya, mafi ƙanƙantar waɗanda suka zauna a gabanku, kuma maƙwabcinka daga ranar Lahadi,

Muntaka ɗan Ya'u
Garin Sammani, yamma da Darini
Sha'aban, shekara ta 1287 bayan Hijira