Gwani da Allon da Ba Ya Rufa Asiri

"Ni fa ba na gwaji," in ji Gwani, ya ɗora ƙafa a kan tebur. "Gwaji ai na masu shakkar kansu ne."

Abokina, Gwani ba sunansa na yanka ba ne, shi ya raɗa wa kansa. Yana cikin 'yan sa-kai masu rubuta wata manhaja ta kyauta, wadda teloli za su riƙa ajiye awon mutane a ciki. Aikin duka yana cikin rumbu ɗaya a intanet. Duk gyaran da ka tura, dole ka haɗa da ɗan bayani, kuma rumbun ba ya mantuwa. Rumbun yana da ƙananan rassa na gwaji da babban reshe guda. Abin da ya shiga babban reshe kuwa, nan take yake bayyana a shafin manhajar.

Gwanin ne ma ya nace aka sa allo a goshin shafin, mai nuna sunan wanda ya yi gyara da bayaninsa. Wai duniya ta san masu aiki. Kansa yake nufi.

Ranar da shugaban teloli zai zo ya ga shafin, ya yanke ko mutanensa za su karɓi manhajar, Anti mai jagorancin aikin ta ja masa kunne.

"Gwani, ka tura ƙaramin reshe tukuna, Dogo ya duba maka."

"Haba Anti! Dogo? Kifi za a koya wa iyo?"

Tana fita tarbar baƙo, gogan naka ya danna gyaransa cikin babban reshe kai tsaye. Ashe ya haɗa har da tarkacen kwamfutarsa. Shafi na buɗewa sai ga hoton Gwani da singileti, ya rungume fulas ɗin shayi, yana gwada murmushin karɓar lambar yabo.

"In taimaka?" in ji abokin aikinsa Dogo daga kujerarsa.

"Kai dai yi ta kanka!"

Ya goge hoton, sai maɓallin sauke manhajar ya bi shi. Ya dawo da maɓallin, shafin ya zama fari fat. Ya sake turawa, hoto ya dawo, wannan karon ya cika fuskar kwamfuta. Gumi har cikin kunne. Kowane turi rumbu na neman bayani, shi kuwa abin da ya zo bakinsa yake rubutawa.

Da ƙyar da jiɓin goshi ya maido da shafin daidai, sai ga Anti da shugaban teloli suna sallama. Nan da nan ya gyara wuyan riga.

"Alhaji, bismillah. Aikin ƙwararru ke nan."

Alhaji ya sa tabarau, idonsa ya faɗa kan allon nan, ya shiga karantawa da ƙarfi: "Gwani: Aikin ƙwararru. Gwani: Cire hotona. Gwani: Wayyo. Gwani: Wallahi wannan ne na ƙarshe. Gwani: Allah ka sa kada Anti ta gani."

Anti ta dubi Gwani, ta ce daga yau Dogo ne mai turawa.

"Wane hoto ne wai?" in ji Alhaji.

Dogo, mara tausayi, ya buɗe tarihin rumbun. Alhaji ya daɗe yana kallo, yana gyaɗa kai.

"Manhaja kam mun karɓa, tunda ba ta ɓoye komai. Amma ɗana, singiletin nan ta yage a hammata. Kawo ta shago in ɗinke maka. Ni ma kyauta, kamar taku."