Yadda Ake Ƙulle Cikin Yarinya Kafin Uwarta Ta Dawo Daga Maraɗi

Kai magidanci, matso kusa. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari cikin 'yarka zai ƙulle tamau har kwana huɗu, ko ɗigon kashi ba za ka gani ba. An gwada, ya yi. Yayana Rabe, ɗan acaɓa a bakin boda nan Jibiya, shi ya gwada a kan 'yarsa Muhsina mai shekara uku.

1. Fara da cika baki

Ranar da matarka za ta tafi Maraɗi sunan ɗan ƙanwarta, hana ta tafiya da yarinyar. Rabe cewa ya yi wa matarsa Salmatu, "Reno ai ba aiki ba ne, ku mata ke ƙara masa gishiri. Bar min ita."

Salmatu ta gyara mayafi ta ce, "To, Baban Muhsina. Juma'a zan dawo. In na tarar da ita yadda na bar ta, na yarda. In ba haka ba, a gaban Inna za a ji labarin."

Inna ita ce mahaifiyarmu. Abin da ta ji da safe, kafin azahar ya kai har garin Daddara.

2. Ciyar da ita abincin tasha

Dogon burodin nan na Maraɗi da safe, biskit da rana, taliya da yamma. Kada ganye ya kusanci bakinta. Ruwa kuwa, in ba ta tambaya ba, ba ta jin ƙishi ke nan.

3. Nemo wa fon kashinta wani aiki

Nan sirrin yake. Babur na son canjin mai, ka waiga ba roba. Sai ga wata shuɗiya a bayan ƙofa, bakinta da faɗi, ba ta zubarwa. Rabe ya juye baƙin mai a ciki, har yana sa wa wanda ya ƙera ta albarka, ya tura ta bayan buhunan dusa.

Da yarinya ta ja maka wando ta ce, "Baba, fo," nuna mata masai, ka ce ai ta girma. Muhsina ta leƙa ramin, ta ga duhu, ta ga kyankyaso, ta ce ta fasa. Daga nan ba sai ka sake wahala ba. Yaro in ya matse yau, gobe kashin ya yi tauri. In ya yi tauri ya yi zafi. In ya yi zafi ya ƙara matsewa. Aikin da kansa yake tafiya.

4. Kai ƙara majalisa

Ranar Laraba za ka gan ta tana ɗage, tana harɗe ƙafa, tana ɓuya bayan ƙofa, abinci ma ta ƙi. Tambayi masana na tasha. Sadisu mai faci ya ce basir ne, don shi ko ciwon kai basir ne. Wani direban tirela ya ce kanwa. Wani ya ce a ɗura mata ruwan sabulu, haka aka yi wa akuyarsa. Duk wanda ya fi ɗaga murya, shi ne likita.

5. Guji tsohuwar maƙwabta

A nan Rabe ya yi sake. Alhamis da safe, kafin ya gama zaɓar wanda zai bi cikin likitocin, Gwaggo Bilki ta ji kuka ta katanga, ta shigo ba a kira ta ba.

"Kai Rabe, mi ka ba ɗiyar nan?"

"Burodi, Gwaggo. Mai kyau, na ƙetare."

"Tana amai? Ka ga jini? Jikinta da zafi?"

"A'a."

"Da akwai ko guda, da yanzu kana hanyar asibiti, ba ka tsaye kana sosa ƙeya ba. Ina fonta?"

Rabe ya kalli buhunan dusa. Gwaggo ta bi idonsa, ta jawo robar, ta leƙa, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Babur ya yi kashi, ɗiya ba ta yi ba."

Ta rushe aikin kwana uku a yini guda. Ta kora shi kasuwa ya sayo sabon fo da gwanda. Ta yi kwaɗon zogale, ta yi miyar kuɓewa, ruwa kofi bayan kofi. Duk bayan cin abinci a zaunar da Muhsina kan fo, ba tsawa, ba gaggawa, uban ya tsuguna kusa da ita yana yi mata hira. Gwaggo ta ce, "In gobe ba ta yi ba, asibiti. Ba wurin mai faci ba."

6. Rufe bakin shaida

Juma'a da hantsi aka samu biyan buƙata. Rabe ya yi kabbara kamar ranar da aka buɗe boda. Ya wanke yarinya, ya binne tsohon fo, ya ce mata, "Ba a faɗa wa Mama, kin ji?" Ta ɗaga kai.

Bayan la'asar Salmatu ta sauka. Ta juya Muhsina gaba da baya, ta taɓa cikinta, ta ce, "Ba laifi."

Rabe ya miƙe ƙafa a tabarma. "Na ce miki ba aiki ba ne."

Sai idonta ya kai bayan ƙofa. "Wannan fo ja ne. Ina shuɗin?"

Muhsina ta riga uban magana. "Babur ya yi kashi a ciki."

Salmatu ko mayafi ba ta cire ba. Ta saɓa yarinya ta nufi gidan Inna.

Gargaɗi: ni ba likita ba ne, a aji biyu na ajiye biro. Wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, tsakaninsa da matarsa, ba ruwana, kada ma ya gaishe ni a hanya. Mai neman ƙarin bayani ya je tasha. In ya ce Rabe ba za a gane ba, sai ya ce Baban Babur.