Ciwon Ɗaga Kai

A bakin wata fadama akwai wani tsohon gamji da tsuntsaye suka mayar gari. Sarki Gauraka na can ƙololuwa. Ƙasa da shi balbelu ne, fadawa masu fararen riguna, da Shaho sarkin dogarai. Can ƙasa kuwa, inda rana ba ta cika leƙowa ba, kurciyoyi ne da sauran ƙananan tsuntsaye.

Al'adar garin ita ce, da gari ya waye kowane na ƙasa zai ɗaga fuska sama, ido buɗe, ya ce, "Ranku ya daɗe, an tashi lafiya?" Ba ya sauke kai sai an amsa. Su kuma manya, ka san su, ba sa gaggawar amsa gaisuwa.

To, sai ciwon ido ya addabi na ƙasa. A sama ko kwantsa babu. Wata kurciya mai suna Tabawa, 'ya'yanta biyu sun makance sun faɗo. Saura autanta Tunau, shi ma idonsa na hagu ya soma fari. Kukanta ya hana Sarki barcin rana, sai aka ce a yi bincike.

Jemage aka ba aikin. Waziri Balbela ne ya zaɓe shi, har yau kuma ana ƙus-ƙus a kan dalili. In bayani ya yi daɗi, na fada ne. In bai yi ba, ai dama Jemage ɓera ne mai fiffike.

Na ƙasa ma ba su yarda da shi ba.

"Wa ya aiko ka?" in ji Tabawa, ta rufe ɗanta da fiffike.

"Iya, tambaya ce kawai. Me kuke ci?"

"Abin da ya faɗo."

"Ruwa fa?"

"Kai Malam, bara ma an zo an tambaye mu. Da aka gama tausayin, reshe guda aka karɓe mana."

Tambaya dai ba ta ba Jemage komai ba. Amma shi mai kwana kai ƙasa ne, abin da ke sama ba ya ɓoye masa. Da safe yana rataye, ya ga abin da ya gani: daidai lokacin gaisuwa manya ke sauke cikinsu, kashin yana zubowa kan idanun da ke jiran amsa.

Ranar majalisa ya yi gyaran murya. "Allah ya ja zamanin Sarki. Ciwon nan ba iska ba ce, ba gado ba ne. Daga ɗaga kai yake. Kullum safiya in sun ɗaga kai, sai na sama..."

"Tsaya nan, ka gama magana!" Waziri ya miƙe yana gyara riga. "Jama'a, kun ji daga bakin masani. Ɗaga kai! Tun yaushe muke faɗa? Talaka mai ɗaga kai ba ya gamawa lafiya. Ashe har ido yake ci."

"Ranka ya daɗe, ban ƙarasa ba."

"Ilimi ba ya son yawan surutu, Malam. Zauna."

Sai Shaho, wanda bai taɓa tofa baki a majalisa ba, ya tashi a hankali. "Don lafiyar bayin Allahn nan, ina roƙon a yi doka. Daga yau kai a sunkuye za su yi gaisuwa. Kowa ya kalli sama, a hukunta shi."

Tabawa ta raɗa wa ta kusa da ita, "Yaushe Shaho ya fara tausayinmu?"

"Yi shiru, Yaya. In dai idon yaron zai warke."

Gaskiya dokar ta yi aiki. Abin da ke zubowa bai fasa ba, sai dai yanzu a gadon baya yake sauka. Idon Tunau ya washe tas. Aka naɗa wa Jemage rawani, nauyinsa ya sa bai ƙara buɗe baki ba.

Wata safiya ana cikin gaisuwa, kowa kai a ƙasa, Tabawa ta ga wata inuwa irin ta Shaho ta gilma a kan ciyawa. A da, da tuni wani ya hango ya yi ihu. Ta ƙarasa gaisuwarta, ta jira har aka amsa, sannan ta waiga gefe. Inda Tunau yake tsaye, gashi ɗaya ne ke lilo a jikin reshe.

A majalisa ta gaba, Waziri ya sanar cewa a duk rassan ƙasa ba sauran yaro mai ciwon ido. Aka bincika kuwa, aka tarar gaskiya ya faɗa.