Hon Ɗin Alhaji Haladu

A Gwammaja akwai wani bawan Allah, Alhaji Haladu mai sayar da tayoyi, wanda tun ranar da Allah ya hore masa mota ƙafarsa ta manta hanyar gidan kowa. Gaisuwarsa hon ce. An yi maka haihuwa, fim-fim. An sallamo ka daga asibiti, fim-fim. Ko rasuwa aka yi maka, iyakarsa ya rage gudu ya ɗan ja hon ɗin da tsawo, wai jimami ke nan. Har ƙanen mahaifinsa, Baffa Mamuda, dattijon da kullum yake kan tabarma a ƙofar gidansa, daidai bakin titin da Alhaji ke bi zuwa kasuwa, rabonsa ke nan safe da yamma. Tsoho ya ɗaga hannu, mota ta wuce.

Ana nan ana nan, sai hon ya ɗauke. Alhaji ya danna, shiru. Ya kai masa duka da tafin hannu, shiru. Ya ce gobe zai kai gyara, gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Ya yi ta wuce Baffa fuu, ko waiwaye babu, don shi a ganinsa idan babu hon, da me mutum zai yi gaisuwa?

Ranar wata Alhamis sai yayarsa, Hajiya Talatu, ta kira shi a waya, ko sallama ba ta tsaya yi ba.

"Haladu, gaba kake yi da Baffa? To ya aiko. Ya ce tunda ka ɗauke masa gaisuwa, jibi Asabar ka nemi wanda zai je nema wa Nafi'u aure, ba da shi ba."

Nan fa Alhaji ya ajiye waya ya ɗauki makullin mota. Nafi'u ɗansa ne na fari, iyayen yarinyar kuwa mutanen da ne, sun ce ba sa karɓar magana sai daga bakin babban gida. Babba kuma a danginsu Baffa ne kaɗai ya rage. Ga shi ana raɗe-raɗin wani ɗan sarauta ya fara zarya a layin su yarinyar.

Kai ka ce gidan Baffa zai nufa. Ina! Garejin Sabi'u mai gyaran wayoyin wutar mota ya zarce, yana gumi.

"Sabi'u, ajiye duk abin da kake yi. Hon ɗin nan zai raba ni da dangina."

Sabi'u ya buɗe bonet, ya zaro fis ya ɗaga shi sama ya duba, lafiya lau. Ya kwance hon ɗin kansa, ya jona shi da batir kai tsaye. Abin ya kwarara ihun da sai da wata akuya da ke kwance ƙarƙashin wata tsohuwar bas ta zabura ta yi waje.

"To ai ga shi yana yi!" in ji Alhaji.

"Yana yi. Muryarsa na nan, saƙo ne ba ya iso masa."

Ya bi waya da ɗan ƙwan fitilarsa na gwaji, taɓa nan, taɓa can, har ya kai kan sitiyari. Da ya ɓalle murfin ya leƙa, sai ya riƙe baki.

"Kai! Alhaji, 'yar tagullar da ke haɗa wuta in ka danna, ta cinye tas, ta zama kamar ɓawon albasa. Wallahi ko a motocin haya ban taɓa ganin haka ba. Da ƙafa kake taka shi?"

"Ni mutum ne mai jama'a," in ji Alhaji, har da gyara hula. "Zumunci ne ya cinye ta."

Sabi'u ya haɗiye dariyarsa, ya sa sabuwa, ya goge tsatsa, ya ɗaure. Hon ya dawo garau, har ya fi da ƙara. Alhaji ya karɓi tsohuwar tagullar ya jefa a aljihu, wai shaida.

Ya iso ƙofar gidan Baffa bayan la'asar, ya tsaya daidai saitin tabarma, ya danna. Fim-fim. Tsoho na jan carbi, ko ɗagowa bai yi ba. Ya sake dannawa, ya haɗa da na jimamin ma. Masu shago suka leƙo, mai rake ya juyo, amma Baffa kamar an dasa shi. Da dai Alhaji ya ga abin ba na wasa ba ne, sai ya kashe mota ya fito, yana tafe yana sunkuyar da kai don kunya, ya cire takalmi ya durƙusa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, sun daɗe ba su yi wannan aikin ba.

"Baffa, barka da yamma."

Tsoho ya ƙura masa ido. "Ikon Allah. Ashe ka yi furfura."

"Baffa, wallahi ba gaba ba ce. Hon ne ya samu matsala. Ga ma abin da ya lalace, duba ka gani da idonka."

Baffa ya karɓi tagullar, ya jujjuya ta a tafin hannu, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Allah sarki. Ai da ka aiko an gaya mini, da na je dubiya. Duk gidan yayana shi kaɗai ke gaishe ni."

Mai rake ya tuntsire da dariya. Alhaji ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya daure, don abin da ya kawo shi ya fi kunyar nauyi.

"A yi haƙuri, Baffa. Ai yanzu an gyara, ba za a sake ba. To... maganar Asabar ɗin fa? Za a je?"

"Me zai hana?" in ji Baffa, ya miƙa masa tagullarsa. "Ka zo ka ɗauke ni. In mun kai ƙofar gidansu mu danna musu fim-fim mu wuce, su biyo mu da yarinyar."