Malamin da Ya Yabi Auta Bai Taɓa Ganinta Ba

Jiya takalmina na hagu ya ce ga garinku nan a matattakalar ofishin ilimi, hawa na uku, ina neman wani bawan Allah da aka ce shi ne malamin Fiziks ɗin 'yata. Ban same shi ba, amma alhamdulillahi na sami labarin an ƙara masa girma har sau biyu.

Bari in warware muku. Autata ta gama sakandare bana. Yarinyar nan babu fankar da ta mutu a layinmu da ba ta tayar da ita ba. Ta kafe sai ta zama injiniya, kuma ba a ko'ina za ta karanta ba sai a babbar jami'ar nan mai tankaɗe ɗalibai kamar gari. Da sakamako ya fito, Fiziks ya yi warwas. Dalilin kuwa kowa ya sani: shekara uku ajinsu bai ga ƙeyar malamin darasin ba. Auta ce ke tsayawa gaban allo da wani yagaggen littafi, ta karanta, ta gane rabi, ta raba wa 'yan ajin rabin.

Jami'ar, Allah ya saka mata, ta bar 'yar ƙofa ga masu raunin sakamako. Ɗalibi ya rubuta uzurinsa, ya haɗa da takardar shaida daga malamin darasin da ya faɗi. Ranar Juma'a ake rufewa.

Maƙwabcina tela ya ce, "Maƙwabci, ka ce ta nemi wata ƙaramar makaranta mana. Waccan ai ta 'ya'yan masu tumbi ce."

Na ce, "Je ka faɗa mata da bakinka, in ka shirya yin ɗinki cikin zafi." Ya koma kan keken ɗinkinsa.

Shugaban makarantarsu ya karɓe ni hannu bibbiyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, takarda nake so mai cewa babu malami."

Ya zaro ido. "Babu malami? In ji wa?" Ya jawo wani ƙaton littafi ya ɗora yatsa a kan wani suna. "Ga shi nan. Akwai shi. Zuwa ne dai bai yi ba tukuna."

"Yaushe zai zo?"

"Wannan kuma sai ofishi."

A ofishin na tarar da Mai Girma Sarkin Hatimi, ga sanyi na kaɗa shi, ga wayoyi uku a jere kan tebur. Ya saurare ni da rabin kunne, ya ce, "Malamin nan haziƙi ne. Ba a taɓa kawo ƙararsa ba."

Na ce, "Gaskiya ne, yallaɓai. Bai taɓa dukan ɗan kowa ba."

Maganar ta yi masa daɗi, har ya ce a ba ni kujera. Ya kira sakatariya ya yi mata raɗa. Jama'a, masu cewa ba a aiki a ofisoshinmu su nemi gafara. Ni da na yi kwana biyu a layin mai na dawo da galan fayau, a gabana cikin minti goma aka buga takarda, malamin da ba ya nan ya sa hannu, aka danƙara hatimi.

Na dawo gida ina ɗingishi da fara'a. Auta ta karɓa ta karanta wa uwarta da ƙarfi: "Ɗaliba ce mai natsuwa. Shekara uku ina koyar da ita, ba ta taɓa fashin ajina ba."

Ta kwashe da dariya. "Nan kam bai yi ƙarya ba, Baba. Kullum ina nan." Sai dariyar ta ɗauke. "Amma in ya koyar da ni shekara uku kuma na faɗi, ai ni ce daƙiƙiya ke nan."

Wallahi maganar ta soke ni. In babu takardar, ba za a karɓi fam ɗinta ba. In an sa ta kuma, ta ƙaryata uzurin yarinya tun kafin a karanta shi.

Ni da hikimata na ce, "To ki ce ciwo kika yi lokacin jarrabawa." Ta yi mini wani kallo, sai na tsinci kaina ina gyara hula. Ta zauna ta rubuta abin da ya faru tiryan-tiryan, har da yagaggen littafin, har da shafukan da ba ta gane ba. Da safen nan muka tura duka biyun.

Yanzu manyan malaman jami'a suna da takardu biyu a kan yarinya ɗaya. Ɗaya gaskiya ce, ɗaya tana da hatimi. Ku taya mu addu'a, Allah ya sa wanda zai duba ya taɓa zama a ajin da babu malami.