Gatarin Da Na Ƙwace A Gandun Daji

Ba zan taɓa mantawa da wani gatari ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni shi.

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, makarantarmu ta tura ni aikin sanin makama na wata uku a wani gandun daji na ƙasar Zurmi. Aikina biyu ne: in zaga da baƙi ina bayyana musu amfanin itatuwa, kuma in riƙe rajistar masu laifi. Na biyun na fi ƙauna. Na tarar da rajistar kusan babu komai a ciki, na ɗauki hakan sakaci ne na Baba Sanda, tsohon malamin dajin da ke kula da ni. Cikin sati biyar na cika shafi goma sha ɗaya (har akuya na taɓa rubutawa, da launinta).

A ƙauyen da aka sauke ni akwai wata tsohuwa, Gwaggo Hajara, wadda kullum take kawo mini fura. "Sha, ɗan boko," take cewa, "rubutu ba shi cika ciki."

Ran Talata na tafi Kaura Namoda na kwana, washegari da hantsi na taho da wasu ɗalibai masu koyon aikin malanta don in nuna musu gandun. Muna shiga na ji sara. Maza uku ne a gindin marke, sun sassare gajerun itatuwa masu tsawo ɗaya, sun jera su a ƙasa. Duk wanda ya tashi a ƙauye, kallo ɗaya zai yi musu ya kama bakinsa. Ni a kwatas ɗin ma'aikata na tashi.

Na fizge gatarin daga hannun dattijonsu.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji shi, "wanga icce..."

"Ba a tambaye ka ba tukuna, Baba. Doka ce ke magana."

Sai na juya ga ɗalibai na mayar da mutanen nan darasi. Na yi bayanin kwararowar hamada da zaizayar ƙasa. Na ce abin kunya ne a ci amanar jama'a a jihar da ta rungumi Shari'a. Kusan rabin awa ina zuba, hadari yana haɗuwa a gabas, dattijon yana ta ɗaga kai yana dubansa. Wasu daga cikin ɗaliban sun sunkuyar da kai (na ɗauka fasahata ce ta ratsa su).

Na buɗe rajista na rubuta sunayensu, sannan na ce, "Wa ya aiko ku? Shi ma zai shiga."

Dattijon ya dube ni, babu fushi a fuskarsa.

"Rubuta Hajara. Yayata ce, ita ta aiko mu. Da asuba ta cika. An yi mata sutura, an gina kushewa, iccen rufi kaɗai ake jira."

Sai da na rubuta harafi uku na sunanta kafin hannuna ya gane abin da kunnena ya ji.

Na miƙa masa gatarin da hannu biyu. Na ɗauki itace huɗu a ka, na bi su, ɗalibai suna bayana. Kafin mu isa maƙabarta ruwa ya sauko. Sai da aka kwashe ruwan kabarin da ƙwarya, makara tana jira a ƙarƙashin tabarma, sannan aka sa Gwaggo Hajara, aka jera itatuwan a kanta. Babu wanda ya zage ni. Da ma an zage ni.

Muna fitowa Baba Sanda ya ja ni gefe.

"Shekara talatin ina aikin ga, ban taɓa rubuta iccen kushewa ba. Kai ma da shi za a rufe ka, ɗan nan. Kuma ba za a nemi takarda ba."

Ban yaga shafin ba, domin shafukan rajista suna da lamba, ni kuwa ba na yaga takardar hukuma. Yana nan da sunaye uku da guntun na huɗu. Har yau aikin rajista nake yi, amma tun daga ranar nan, kafin in cire murfin biro sai na yi sallama, na ce, "Lafiya dai?", kuma in tsaya in ji amsa.