Yadda Na Makantar da Surukina da Waya

Ba zan taɓa mantawa da lokacin da na naɗa kaina likitan ido ba, ni da ko sakandare da ƙyar na gama. Wata manhaja na saukar a waya. Tana nuna harafi mai ƙafa uku, wanda ake gwadawa ya zauna nesa ya nuna da hannu inda ƙafafun suka dosa, kai kuma ka ja yatsa a fuskar wayar zuwa can. Shi ke nan, sai kaina ya kumbura. Na gwada 'yan majalisarmu, na gwada mai shayi, har aka fara kirana Dakta (Allah Ya yafe mini, amsawa nake yi).

Labari ya kai kunnen mahaifin matata, dattijon da duk ranar kasuwa yake hawa babur daga Daura zuwa Ɓaure sayen awaki. Ya aiko in zo in duba shi.

To, ka san surukuta. Ina shiga zaure na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Waya a sama, idona a ƙasa. Wa ya isa ya ƙura wa Baba ido? Yana can yana nuni, ni ina jan yatsa duk inda na ga dama. Wayar ta yanke hukunci: saura ƙiris ya makance. Na sanar, har da girgiza kai irin na manyan likitoci.

A ranar 'ya'yansa suka ɓoye makullin babur. Kasuwa ta ci ba shi. Matata ta sha kuka.

Aka kai shi asibitin ido, na bi su da taƙama. Ma'aikaciyar ta gwada shi, bai kuskure ko ɗaya ba.

"Baba, wa ya ce ba ka gani?"

"Ga Dakta nan."

"Malam, nuna mini yadda ka yi."

Na ɗaga waya. Jikina da kansa ya durƙusa, kai ya sunkuya.

"Kin gani, 'yata?" in ji Baba. "Ina nuna masa gabas, yana ƙirga yatsun ƙafata."

Har masu bandeji a ido sai da suka yi dariya.

An mayar masa da makulli, ni kuma na goge manhajar. Na koyi cewa wanda bai iya ɗaga kai ba, kada ya duba idon wani. Har yau in ya wuce majalisarmu sai ya rage gudu ya ce, "Dakta, ka gan ni kuwa?"